Uwa ta Tara

Ranar Laraba ce, wajen ƙarfe uku na yamma, a ɗakin ajiya na gidan ƙungiyar matan garinmu, tsoro ya fara kama ni. Aikin da aka ba ni ba mai wuya ba ne. An ce in cire tsohon hoton Iyaye Takwas daga gilashinsa, in kai wa mai zane ya fito da fuskar ta tsakiya babba, yadda za a rataye ta a zaure. Na zare ƙusoshi, na ɗaga katakon baya, sai na ga an naɗe gefen hoton zuwa ciki. Na warware naɗin, na ƙirga matan. Tara ne.

Ta taran tana tsaye can ƙarshe, gajera, baƙa wuluk, ta naɗe hannun riga har gwiwar hannu kamar wadda aka kira daga bakin wanki. A bayan hoton wani ya jera sunaye da fensir. Ta tsakiya, fara mai malafa da sarƙar lu'ulu'u: "Misis Whitlock, mai kula da ɗakin kwanan 'yan mata." Ta gefe, wadda aka naɗe: "Cordelia Tate, shugabarmu."

Na zauna a kan kwali, gumi yana keto mini. Wanda bai san Dakta Verlinda Pettiford-Oakes ba ba zai gane dalili ba.

Allah ya yi wa garinmu baiwa da Dakta. Shekara goma sha tara tana shugabancin reshen ƙungiyar a nan, kuma ko sau ɗaya ba ta nemi kujerar ba. Kujerar ce take nemanta, ita kuwa mace mai tausayi, ba ta iya ce wa kujera a'a. Digirin daktan nata na girmamawa ne, wata makarantar Littafi Mai Tsarki ce ta ba ta. Yanzu taya ake sayarwa a ginin makarantar, amma ilimi ba ya tsufa. Wani sabon fasto ya taɓa kiranta Misis a gaban jama'a. Yana can wani ƙauye yanzu, an ce yana samun sauƙi.

Kowane yaro a gidajenmu ya san labarin Iyaye Takwas. 'Yan mata takwas ne a Kwalejin Tillery, nan Amurka, a shekarar 1919, lokacin da baƙar mace mai riƙe da littafi abin kallo ce. Suka haɗa kai suka kafa ƙungiyar 'yan uwa mata, suna koya wa masu wanki da masu girki karatu a bayan coci. Mu duka muna girmama su. Ni kaina da hotonsu na girma a jikin firjin mahaifiyata. Amma girmamawa ta masu ƙaramin ƙarfi ce. Dakta ta wuce nan. Ita ta gano cewa ita ce Cordelia Tate ta dawo. Shi ya sa a bayan idonta ake kiranta Uwa ta Tara.

Ba wani hoton Cordelia da ƙungiya ta sani sai wannan, kuma tun kakanni kowa ya ɗauka shugaba ai ita ce ta tsakiya. Dakta ta yi nazarin ta tsakiyar nan kamar mai shirin jarrabawa. Ta sa an ɗinka mata malafa irin tata. Ta sayi lu'ulu'u zagaye uku. Ta koyi karkatar da haɓa zuwa hagu, har wuyanta ya riƙe, likita ya ba ta magani, ta ƙi sha don kada kamar ta tafi.

"Ku dubi hancin nan," takan ce wa mu masu jira, tana tsayawa gefen hoton. "Ku dubi goshi. Ni ban ce komai ba. Jini ne yake magana. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Mu biyar ne masu jira a bana. A ƙungiyar nan ba a roƙon shiga, gayyata ake yi. Ko a fuska ba a son a ga kina so. Sai ki yi shekara kina ɗaukar kujeru da wanke kofuna kina murmushi, sannan a jefa ƙuri'a a ɓoye, Dakta ta sa hannu, wasiƙa ta zo miki gida. Wadda aka ƙi kuwa, labarinta yakan riga ta isa kowane reshe. Ni na gama digirin tarihi a watan Mayu, ta farko a gidanmu. Mahaifiyata girki take yi a makarantar firamare. Shugabar makarantar 'yar ƙungiya ce, mai gidan tarihin da nake neman aiki 'yar ƙungiya ce, har matar da ke tantance takardun neman aikin. Wasiƙar nan ita ce ƙofa, Dakta ce ke zaune a kan mabuɗin.

"Ba ma duban dangi," ta taɓa gaya mana, idonta a kan takalmina. "Uwa Cordelia ta haramta wannan. Tarbiyya muke dubawa. Sai dai ba laifina ba ne idan tarbiyya ta fi son wasu gidaje."

Na kai hoton wurin mai zane, na nuna masa ta tsakiya kamar yadda aka umarce ni, na mayar da naɗin yadda na same shi. Kwana uku ina juya abin a raina. A rana ta huɗu na tara ƙarfin hali na same ta a ofis.

"Ranki ya daɗe, Dakta, akwai wani abu a bayan hoton nan..."

"Keturah," ta ce, ba ta ɗago ba, "a zamanin Uwa Cordelia, mai jira ba ta fara magana. Na san abin da za ki ce. Kin ga kamar. Kowa yana gani. Kada ki ji kunya, wasu har kuka suke yi." Ta miƙo mini hankici.

Na karɓa na gode.

Daga nan na nufi gidan Anti Bernice, tsohuwar malamata ta lissafi, wadda ta tsaya mini a ƙungiya. Na gaya mata komai. Ta yi dariya har ta cire tabarau tana share ido.

"Shekara arba'in ina sa wa mai gadin ɗakin kwana furanni! Wayyo cikina!"

"Anti, me zan yi?"

"Ki ja bakinki ki ɗinke, 'yar nan. Baki shi ke yanka wuya. Ki bari wasiƙarki ta zo tukuna. Gaskiyar da ta yi shekara ɗari a naɗe, wata ɗaya ba zai kashe ta ba."

Da Dakta ta bar abin haka, da yanzu ina barci lafiya. Amma ganga in ta cika zaƙi, fashewa za ta yi. Ta ji labarin cewa Cordelia tana da jika a raye a wani ƙauyen Alabama. Nan take ta aika mata kati mai ruwan zinare, tana gayyatarta walimar Ranar Iyaye.

"Jini zai ga jini," ta sanar a taro. "Ku tanadi masu ɗaukar hoto. Ina jin tsoron tsohuwar za ta suma in ta gan ni."

Ranar Asabar zauren coci ya cika da farare. Fararen riguna, fararen safar hannu, kowace da ƙyalle ruwan goro a kafaɗa. A gaba an jera kujeru takwas babu kowa a kai, kowace da kyandir, kamar yadda aka saba. A bana an ƙara ta tara, mai laushi, ta jikar. Babban zanen yana jingine an lulluɓe shi da mayafi. Dakta ta tsaya a bakin ƙofa tun sha ɗaya, haɓa a karkace, tana jiran doguwar mota.

Mu masu jira muna kicin muna yanka burodin masara. Sai ga wata tsohuwa ta turo ƙofar baya, gajera, da rigar coci shuɗiya da takalmi maras tsini, ta rungumo tire an rufe da tawul.

"Sannunku, 'yan mata. Wata mai malafa ce ta ce masu abinci ta baya suke shiga. Ina zan ajiye? Kek ɗin dankali ne. Ni ba na zuwa gidan mutane hannu rabbana."

Ta ajiye, ta ga kwanuka a tare, ta naɗe hannun riga har gwiwar hannu. Wuƙar ta faɗi daga hannuna. Fuskar nan na san ta. Kwana goma sha bakwai ina ganinta ko na rufe ido.

"Mama, ya sunanki?"

"Ozella. Ke miƙo mini soson nan, kina tsaye kamar an dasa ki."

Ta lasifika muna jin an fara. Ana kiran sunayen Iyaye ɗaya bayan ɗaya, ana kunna wa kowace kyandir. Da aka zo kan Cordelia, Dakta ta karɓi magana.

"'Yan uwa, mutane suna tambayata, Dakta, ina kike samun wannan tawali'u? Sai in ce gado ne. Uwa Cordelia ba ta taɓa raina kowa ba. Mai wanki da matar likita duk ɗaya ne a idonta. Da za ta shigo zauren nan yau, ni ce ta farko da zan gane ta, ko cikin mutum dubu. Ita ma ni za ta fara ganewa." Ta tsaya a yi tafi, aka yi. "Jikarta ta makara. Ba mamaki, manyan gida ba sa gaggawa."

Mama Ozella tana ta wanke cokula, ruwa yana zuba, ba ta ji ba. Sauran 'yan matan huɗu ba su san komai ba. Ni kaɗai na sani. Na tuna wasiƙa, na tuna maganar Anti Bernice. Sai kuma na tuna hoton da ke jikin firjinmu, wanda mahaifiyata take gogewa duk Lahadi, shi ma da mutum takwas. An naɗe matar nan sau ɗaya. Ga shi ana sake naɗe ta a gabana, ni ce ma nake miƙa soso.

Ban san lokacin da na kama hannunta ba. Har yau ba zan ce jarumta ce ba. Muka ratsa tsakiyar zaure, hannunta da kumfa, nawa da garin masara.

"Keturah!" Dakta ta rufe lasifika da tafin hannu, amma kowa ya ji. "Ba a fara raba abinci ba. Mayar da ita."

"Ranki ya daɗe, ita ce baƙuwar. Jikar Uwa Cordelia ce."

Amma Dakta ba a banza ta yi shekara goma sha tara a kujera ba. Ta buɗe hannuwa biyu.

"Na sani! Jikina ya ba ni tun a ƙofa! Gwada ku nake yi!" Ta ja tsohuwar gaban zanen, ta fizge mayafin, ta tsaya gefe ta karkatar da haɓa. "Mama, ga kakarki. Faɗa musu abin da kika gani."

Mama Ozella ta goge hannu a rigarta, ta laluba jaka ta sa tabarau. Ta daɗe tana kallo.

"Ikon Allah," ta ce. "Ashe har yanzu matar nan ba ta bar mu mun huta ba. Wannan ai Misis Whitlock ce. Muna da irin hoton a gida, namu ba a naɗe ba. Ita ce ta kai ƙarar kakata aka kore ta zango guda saboda tana koya wa masu wanki karatu. Ranar hoton ma cusa kanta ta yi a tsakiya, ta ce baƙar ta matsa can gefe kada ta ɓata hoto."

Wani cokali ya faɗi a baya. Na hango Anti Bernice ta cusa hankici a baki, kafaɗunta suna rawa.

Tsohuwar ta dubi zanen, ta dubi Dakta, ta sake duban zanen. Ta dafa mata hannu cikin tausayi.

"Amma kada ki damu, ɗiyata, ba ƙarya kika yi ba. Kina kama da ita ƙwarai. Ni tun a bakin ƙofa na gani."

An ci abincin dai. Kek ɗin dankalin ne ya fara ƙarewa.

Washegari Dakta ta zo coci babu malafa, babu lu'ulu'u, ta naɗe hannun riga har gwiwar hannu, ga sanyin watan Janairu. Ta gaya wa matan da ke kusa cewa ita ta daɗe tana zargin hoton nan, bincikenta na shekaru ne ya tono gaskiya. Ta ƙara da cewa duk wanda ya dubi damatsanta da kyau zai ga na Cordelia ne. Da muka yi kiciɓis a bakin ƙofa ta yi mini murmushi, ta kira ni Katrina.

An jefa ƙuri'a ranar Talatar da ta biyo baya. Anti Bernice ta ce rantsuwa ta hana ta faɗa mini komai, sai dai ta kawo mini miyar kaza irin ta dubiyar mara lafiya, abin da ba ta taɓa yi ba. Biyu daga cikin mu biyar sun sami wasiƙunsu. An ce sauran za su iso cikin mako biyu. Yau kwana goma sha ɗaya. Mai kawo wasiƙu yakan wuce layinmu da ƙarfe biyu, tawa ba ta zo ba tukuna.