Kirarin da Na Yi a Gaban Sarkin Ruwa

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na yi wa kaina kirari a gaban Sarkin Ruwa ba, kuma Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawar.

Lokacin ban daɗe da gama sakandare a Yelwa ba, ina zaman shagon babana inda muke sayar da kayan injin jirgin ruwa. Wani ɗan kawuna ne ya dawo daga Legas da kaset ɗin hip-hop, shi ya jefa ni a wannan hali. Ya ce waƙar ta taso ne daga unguwannin talakawan baƙar fata na Amurka, inda samari ba su da halin sayen kayan kiɗa, sai su saki faifai su yi ta zuba magana a kai, kowa yana faɗin ko shi wane ne. Na ce ashe 'yan'uwana ne, don ni ma abin da na mallaka ke nan, talauci da baki. Ko rabin Turancin ba na ji, amma zafin maganar ya shige ni. Da na ji samarin Kano sun fara yi da Hausa, sai na rantse ba za a bar Yawuri a baya ba.

Na sayi wando a gwanjo wanda mutum biyu za su shiga su yi hira a ciki, na juya hular hana-sallah baya, na raɗa wa kaina suna Giwan Ruwa. (Don Allah ku dubi ƙarfin hali: a lokacin in iska ta taso sai na riƙe ƙofar shago. Inna ma cewa ta yi warangi ya fi dacewa da ni, 'yan mitsi-mitsin kifin nan da ake aunawa da kwano.) Abokina Bala shi ne makaɗina, wato mai danna rediyo.

Duk garin mutum ɗaya ce dariyarta ba ta raini ba ce. Sunanta Rakiya. Ranar kasuwa take zuwa daga tungarsu ta masunta can gefen Warra, ita da innarta da kwandon bandar kifi. Takan tsaya bakin shagonmu wai sayen fulogi na injin yayanta, ta ce, "Giwa, a ɗan taɓa muna mana." Sai in taɓa, ita kuma ta rufe baki da gyale, idanunta na dariya. Ina sonta ƙwarai, irin son da ke sa a tambaye ka fulogi ka miƙa farfela.

Wata rana ta ce za a yi bikin yayan nata. "Ka taho ka yi waƙa. Baba na nan, ina so shi gan ka."

Ko wawa ya san ma'anar wannan magana. In uban ya yaba, sai tura manya. Amma da yake ni wawa ne na musamman, ban tambayi ko wane ne uban ba, ban kuma tambayi yadda ake biki a tungar ba. Na dai zauna na tsara baitoci irin na kaset, waɗanda mutum ke wasa kansa ya ce duk duniya babu kamarsa.

Muka hau jirgi mai inji ni da Bala, da rediyo da batirin mota da lasifikar aro. Bayan la'asar aka taru a fili bakin ruwa, ga kwalekwale a jere. Dattawa na kan tabarma, a tsakiyarsu wani tsoho mai gajeren gemu da kaurin damtse. Makaɗan gari suka gama nasu, aka ce ga baƙi daga Yelwa. Bala ya danna, na kama makirfo, na hango Rakiya cikin mata, sai kaina ya kumbura. Na nuna sahun samarin tunga da yatsa na saki:

"Ni ne Giwan Ruwa, gulbi gidana,
Igiyar ruwa ita ce matashina,
Wanda ya isa ya fito ya tare ni,
Daga nan har Shanga babu mai kamo ni!"

Wuri ya kaure da ihu, mata suka rangaɗa guɗa. Na ce a raina shi ke nan, aure ya ɗauru. Sai tsohon nan ya ɗaga hannu, Bala ya kashe rediyo.

"Wanga yaro ɗan wa na?"

Wani ya ce, "Baƙon Rakiya na, Sarki."

Ashe Sarkin Ruwa ne, kuma shi ne Baban da aka ce in zo ya gan ni.

Ya dube ni tun daga hula har wando, ya ce, "Madalla. Ya yi kirari, ku ba shi jirgi."

Abin da ban sani ba shi ne, a tungar nan kirari ba waƙa ba ce. Kamar filin dambe ne: duk wanda ya miƙe ya yi kirarin ruwa a gaban Sarki, to abokin tsere yake nema, kuma sai ya nuna. Guɗar da na ɗauka ta daɗin muryata ce, ashe ta murnar za a ga tsere ce. Ni kuwa, duk da a bakin gulbi aka haife ni, iyakar hulɗata da shi wanke ƙafa. (Inna ta hana ni shiga tun ina yaro, ni kuma a nan kaɗai na zama ɗa mai biyayya.)

Bala ya raɗa min, "Ka ce cikinka ke ciwo." Na so in faɗa. Amma Rakiya na kallona, fuskarta cike da alfahari, ta yarda da duk abin da na rera. Sai na karɓi filafilin tuƙi na shiga kwalekwale.

Aka ce a tafi. Kafin in daidaita zama samarin sun yi nisa. Ni kuwa gefe ɗaya nake ta tuƙi, kwalekwalen ya shiga juyawa wuri guda kamar kare mai bin wutsiyarsa. Da na ji dariya ta fara tashi, sai shaiɗan ya ce min in miƙe in ɗaga musu hannu irin na mawaƙa, a ɗauka da gangan nake yi. Na miƙe. Jirgi ya kife.

Wandon nan ya sha ruwa ya ja ni ƙasa. Na yi ta dukan ruwa ina ihu, "Inna! Wayyo Inna!" har na fara kalmar shahada. Sai na ji hannu ya damƙi wuyan rigata, na ji muryar Sarki a kunnena, babu ko fushi a cikinta:

"Tashi tsaye, ɗana. Ruwan ga ko cibiya bai kai ba."

Na tashi tsaye. Gaskiya ya faɗa.

Haka na fito, hannu ɗaya riƙe da wando, hula ta bi ruwa, tsofaffi na share hawayen dariya. Ban iya duban inda Rakiya take ba. Ko tuwon biki ban ci ba muka kama jirgin dawowa.

Daga ranar, in kasuwa ta ci sai in shige bayan shago in ce Bala ya ce na yi tafiya. Daga baya na yi tafiyar da gaske, na tafi karatu, na bar waƙa. Can na ji labarin ta yi aure a Shanga. Na daɗe ina kewarta, kuma har yau in na ji ƙamshin banda ranar kasuwa sai ta faɗo min a rai.

Bara, a tashar jirgin Yelwa, na ji an ce, "Giwan Ruwa!" Na juya, ga Rakiya, ta zama babbar mace, tare da ɗanta saurayi yana ta gyaɗa kai da waya a kunne. Ta ce shi ma cutar tawa ta hip-hop ce ta kama shi. Muka yi dariya, sannan ta ce:

"Ka san Baba har ya rasu yana maganarka? Cewa ya yi, yaron da bai iya ruwa ba amma ya shiga don kar shi ba ɗiyata kunya, wanga namiji na. Ya ce in ka dawo shi zai koya ma da hannunai. Na yi ta zuwa shagonku ana ce min ka yi tahiya."

Sai mai jirgi ya kira 'yan Shanga, suka shiga. Na tsaya ina kallo har suka ɓace.

Shekara da shekaru ina ɗora wa hip-hop laifi, ashe ba faɗuwar ce ta raba mu ba, ɓuyan ne. Don haka in za ka yi kirari, fara tambayar wanda ke zaune kan tabarma. In kuma ka riga ka kife, koma washegari a ƙarasa yi maka dariyar. Da na bari sun yi dariyarsu ta ƙare, da yau na iya ruwa, da kuma yaron nan mai waya ni yake kira Baba.