Furen Zuwaira da Sandunan Doya

Da matata Zuwaira ta rasu, na kwance kwandon furenta na bakofa, irin furen da ake ratayewa, daga barandarmu a Komah, na rataye shi gidan Yayata a Dapaong. Ganin rassan suna zubowa ƙasa, na yanke hukunci cewa rauni ne. Ni manomin doya, wa zai koya mini? Na kafa sanduna, na ɗaure kowane reshe yana kallon sama. Cikin kwana uku suka kakkarye, fararen furannin suka zube.

Yaya ta ce, "Kai ƙanena, zubowar ai ita ce adonsa! Shekara nawa kana kallonsa?"

Reshe ɗaya ya tsira. Har yau in na shigo, takan ce wa 'ya'yanta mata, "Ku rufe kitsonku, Kawu ya zo da sanduna."