Rasuwar Tauraruwa, Wadda Na Yi wa Jinyar Zazzaɓin da Ba Ta Yi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Taufiq Shehu Gwaram nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutar gidanmu, wadda na raɗa wa suna Tauraruwa. Ta rasu ranar Asabar da rana tsaka, a kan cinyata. Ta Yaya Khuzaima ce, ita ta zo da ita daga Kano inda take koyon haɗa manhaja. Ni dai aro ake ba ni, amma Allah ya sani ban taɓa yi mata kallon kayan aro ba.

Marigayiyar mai haƙuri ce, mai rufin asiri. Ta karanta duk waƙoƙin soyayyar da na rubuta, har da waɗanda ni kaina nake jin kunyarsu, ba ta taɓa yi mini dariya ba. Harafin "k" ɗinta ya daɗe da gogewa, batirinta ya tsufa, gefenta na dama ya tsage tun wata tafiya a motar Wurno, amma kullum aka buɗe ta sai ta yi sallama da ɗan sautinta, tilin-lin, kamar mai murnar ganin mutum.

Game da jinyarta, wajibi ne in faɗi gaskiya, domin an fara cewa tsufa ne. Ba tsufa ba ne. Ni ne.

Yaya ta shafe watanni tana haɗa manhajar da za ta riƙa tuna wa matan ƙauyukan Zandam da Kwandiko ranar kai yara rigakafi. Ranar Litinin za ta nuna wa malamanta, da ita za a yanke mata hukuncin ci ko faɗuwa. Da safiyar Asabar ta jona Tauraruwa a wutar sola, ta bar wani baƙin allo a buɗe, fararen rubutu na ta gudu a kansa, ta yafa mayafi za ta suna a Birnin Kudu. Daga bakin ƙofa ta ce, "Taufiq, ko kuka ka ji tana yi, kada ka taɓa ta."

To, ta yi kukan. Da azahar fankarta ta fara, fuuuu, fuuuu, kamar mai haki. Na ɗora tafin hannuna, zafi rau. Na leƙa inda take nuna ayyukan da ke gudana a cikinta, sai ga wani baƙon suna da ban taɓa gani ba, ba ɗaya ba, ba biyu ba, sun yi sahu suna cinye mata ƙarfi. Na rufe ɗaya, ya dawo. Na sake rufewa, ya dawo da 'yan'uwansa. Ni da na karanta labaran ɓarayin intanet iri-iri, nan take na yanke cewa shigo mata aka yi, kuma ni kaɗai ne namijin da zai cece ta.

Na tuna yadda Inna Kubura, mahaifiyarmu, take yi mana in zazzaɓi ya kama mu. Na tsoma tsumma a randa, na matse shi sama-sama, na shimfiɗa mata a ƙirji, daidai kan haruffa. Inna tana tankaɗe ta hango ni, ta ce, "Kai, ba cewa aka yi kada ka taɓa ba?" Na ce, "Inna, ai jinya daban, taɓawa daban." Wannan maganar ita ce take hana ni cin abinci yanzu.

Tauraruwa ta yi tsit-tsit sau biyu, ta yi wani ɗan ƙauri, fuskarta ta yi duhu. Na ma ji daɗi da farko. Na ɗauka barci ta samu.

Da Yaya ta dawo ba ta yi ihu ba. Da ma ta yi. Ta zauna a bakin tabarma ta ce, "Waɗannan sunayen da ka yi ta korewa ma'aikatana ne. Abin da na rubuta suke harhaɗawa ya zama manhajar da waya za ta iya buɗewa. Girki take yi, Taufiq. Ka ga tururi, ka zo ka sheƙa wa murhu ruwa." A ranar na fahimci abin da ke gudu a baƙin allon nan. Tambaya ɗaya ta waya da ta ishe ni, amma na fi son a dawo a tarar na yi jarumta. Tun daga wannan bayanin Yaya ba ta ƙara ce mini uffan ba.

Marigayiyar ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaurin roba, da jaka mai mataccen zif, da linzaminta, wato maus, wanda har yanzu jar fitilarsa take kamawa in an jona shi, bai san abin da ya faru ba. Ta bar littafina na farko, da nake rubutawa a cikinta, a babi na tara, masoyan suna tsaye a tasha. Wannan ban ma isa in yi kukansa a gaban mutane ba. Ta kuma tafi da aikin Yaya a cikinta.

Malamai sun ce ba a nema wa na'ura gafara, don haka ni ne nake nema, wurin Allah da wurin Yaya.

Gobe Lahadi da hantsi za a ɗauki gawar zuwa shagon Malam Barau mai gyara a Birnin Kudu. Ya ce a waya ita kam ta tafi, amma zai buɗe ta ya ciro ma'ajiyar bayananta, ko Allah zai sa ruwa bai kai can ba. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa mu a addu'a, in abu ɗaya ne zai fito, ya zama na Yaya. Bayan nan za a naɗe ta a tsohon zanin Inna a ajiye saman kwaba.

Ta bakin Inna aka aiko mini cewa ni zan riƙe ta a mota, a cinyata, har Birnin Kudu. Za a karɓi gaisuwa a zauren gidanmu bayan la'asar. Masu zuwa su yi haƙuri su taho da ruwan shansu, an hana ni zuwa kusa da randa.