Tuwo a Jakar Baƙo

Ba zan taɓa mantawa da ranar da jandarma ya zuge jakata a hanyar Badaguishiri ba. Ni da a unguwarmu ta Kano ake ce min Ido Buɗe!

Abokina Nura ne ya ja ni yawon Nijar, can dangin mamarsa suke. Muna tsallaka iyaka muka shiga Konni, murna ta kama ni kamar na sauka a Dubai. Muka ari babur, na goya jaka, muka kama kwalta. Duk abin da na gani sai na ci: dogon burodin nan mai kama da sanda, kilishi, gasasshen nama. A Dogarawa ma na tsayar da Nura na ƙara ƙwai (wai a lissafina na ɗan birni, ƙauye za mu, kada yunwa ta kashe ni).

Da la'asar muka isa ƙauyen kawunsa. Kawu Illa ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka kawo ƙwaryar fura. Na ɗauka abincin ke nan, na kafa kai na shanye.

Sai kwanuka suka fara shigowa. Ashe a garin in an yi baƙo, kowane gida sai ya aiko da nasa. Tuwon gero, dambu, shinkafa da wake, har da zabo. Nura zai shiga gaida kakarsa, ya raɗa min: "Kai, Ido Buɗe, duk kwanon da ya koma ba a ci ba, an wulaƙanta gidan, kuma Kawu ne zai ji kunya. Kar ka zubar mana da mutunci."

Ya tafi ya bar ni da cikin da ko ruwa ba zai ƙara ɗauka ba. Ga yara sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa suna leƙe. Na kore su, na saki labule, na ciro ledoji, na dinga juye kwanuka cikin jaka (har ina yaba wa kaina, ina cewa kai, ilimi daɗi). Na miƙa kwanuka tas. Yaran suka karɓa suna harara ta, ban gane dalili ba.

Kawu ya shigo yana tafa hannu. "Madalla, ɗana! Tunda nike ban ga baƙo mai albarkar ciki irin wanga ba!"

Da safe ban samu inda zan zubar ba, ko bayan gida na nufa sai wani ya biyo ni da buta. Haka na goya jakar, Kawu da maƙwabta biyu suka rako mu a babur har bakin kwalta. Nan kuwa akwai shingen jandarma.

Jandarman ya duba takardunmu, ya shinshina, ya kira ni da "malam" ɗinsu na Faransanci, ya ce, "Mushe, mi a cikin jakka?"

"Kayan sawa ne, ranka ya daɗe."

"Kayan sawa ka tsami haka? Buɗe."

Leda ta fashe tun cikin dare. Ya ɗago rigata tana ɗigar miyar kuka. Ya ciro malmalar tuwo, ya ciro cinyar zabo, yana jerawa a kan benci kamar ya kama ƙwaya.

Maƙwabci ɗaya ya ce, "La ila! Wanga ai dambun gidana ne!"

Nura ya zauna a ƙasa, dariya ta hana shi numfashi.

Kawu ya dafa kafaɗata, idonsa cike da tausayi. "Ɗana, ai loma guda ta isa, saura na yara ne, shi suka jira. Amma ashe haka yunwa ta yi muku can Kano? Don mi ba ka hwaɗi ba?"

Na rantse ba yunwa ba ce, ya ce kar in ji kunya, shi uba ne. Ya tura aka ɗauko rabin buhun gero, ya ɗaure mana a babur da hannunsa. Jandarman ma ya ciro burodinsa ya ɗora min a kai.

Har yau duk wanda zai zo Kano daga garin sai an ba shi ƙullin gero, a ce a kai wa yaron nan mai yunwa. Ni dai yanzu in za ni baƙunta, da azumi nake tafiya, kuma ba na ɗaukar jaka.