Kwantarar da Na Ɗinke Cikin Laya

Tsufa ya zubar mini da abubuwa da yawa, har sunayen jikokina sai na jero uku kafin in faɗa kan wanda nake kira. Amma ranar da aka farke layata a tsakiyar kasuwar Dakoro, wannan kam ba zan taɓa mantawa da ita ba. Ko ni na so, akwai tsofaffi biyu da suka rage a garin waɗanda ba za su bar ni ba.

Shekarun farko ne na samun 'yancin kai. Tuta ta canza, amma manyan kamfanonin Maradi suna hannun Nasara har lokacin. Ni kuwa saurayi ne, na gama lakwal, wato makarantar boko, da sartifika, ga wandon kaki, ga alƙalami biyu a aljihun riga (ɗaya ba ya ma rubutu, na ado ne). In na ratsa kasuwa ana ce mini "Mushe", wato Malam da faransanci, wasu da gaske, wasu da tsiya, ni duka amsawa nake. Ubana ya rasu ina ƙarami, a hannun Kawu Mamman na tashi, yayan mahaifiyata, mahauci mai ƙarancin magana wanda in ya ce e a rumfar fawa to an gama.

Sai labari ya zo cewa wani kamfanin fatu a Maradi yana neman wakili a ƙasar Dakoro. Ba ma'aikaci suke so ba, ba albashi. Mutum mai zaman kansa suke nema, ya tara musu fatun awaki da na tumaki, su ba shi ladansa a kan kowace fata. Na hau kamyo, babbar motar kaya, a saman buhuna, na isa Maradi ƙura har cikin kunne.

A biron kamfanin, wato ofishinsu, na tarar da Nasara mai lofe da kominsa, wato magatakarda, wani Malam Isufu, mutum mai sanyin hali. Aka turo mini takardar yarjejeniya, wadda muke ce wa kwantara, shafi uku, rubutu ƙanana cunkushe. To ga gaskiyar da na ɓoye wa kowa: faransancina na yatsa ne. Sai na bi layi da yatsa, leɓe yana motsi, in koma baya sau biyu, sannan magana ta shiga. A ina zan yi wannan a gaban Nasara? Sai na juya shafi na ɗaya, na kaɗa kai, na juya na biyu, na ɗan ɗaure fuska kamar na ga abin dubawa, na juya na uku, na zaro alƙalami mai rubutun na zuba sa hannun da na yi wata biyu ina gwadawa a kan rairayi. Da zan fita Malam Isufu ya raka ni bakin ƙofa, ya ce mini a hankali in na je gida in zauna da takardar nan. Na ce masa ai mu mun riga mun karanta.

A gida Inna ta riƙe takardar da hannu biyu. Ta ce ga gara, ga damina, ga ɓeraye, kuma takardar da ke ɗauke da arzikin mutum ba a barin ta tsirara. A wurinmu abu mai daraja in rubutu ne, fata ake ɗinka masa. Washegari na kai wa Tanko baduku, ya naɗe ta ƙanƙanuwa, ya ɗinke da jar fata, ya yi mata baki kore, ya sa igiya. Na rataya a wuya. Na gaya wa kaina wata rana zan karanta (wallahi har da wani sanyi na ji a raina da na ga allura ta rufe kusurwar ƙarshe).

Kai, amma na ji daɗin wannan aiki. Da asuba in hau raƙumin haya, yau Birnin Lalle, jibi Ajekoriya, wani mako Ɗan Gulbi. In shimfiɗa tabarma ƙarƙashin gawo, Fulani da Buzaye su kewaye ni da fatu, ni kuma in ɗaga kowace ɗaya a rana ina neman inda wuƙa ta huda. Furar Fulanin wancan zamani da nono mai kauri ba a yin irinta yanzu, kowa ya ce abin da zai ce. Buzaye su kafa shayi, ba mai tashi sai an sha na uku. Wari kuwa ya kama ni har 'yan mata na toshe hanci in na wuce, ni ina ɗauka kunyar Mushe suke ji.

Tun a kayan farko abin ya fara nuna kansa. Kuɗi bai zo ba sai bayan wata da watanni, kuma ya zo gutsure. Fatun da na tura a matsayin masu kyau, mai tantancewar kamfani ya mai da rabinsu na baya, wasu ya ce ba su karɓu ba, kuma ba a dawo da ko ɗaya ba. Da mahauta suka fara ƙorafi, sai in buga ƙirji inda layar take, in ce musu kamfani ba shi da wurin gudu, ga shi nan a wuyana. Kawu ya tsaya mini. Ya gaya wa 'yan'uwansa mahauta su ba ni fatu a biya su daga baya, maganar ɗansa maganarsa ce. Da wannan kalma tasa aka tara fatun kaka guda a zaurensa, har sai da mai shiga gida ya riƙa bi a karkace.

Ranar kasuwa kamyon kamfani ya iso. Malam Isufu ya sauko tare da wani baƙo mai babbar riga, ya kama hannuna ya ce mu ɗan koma gefe. Bawan Allah rufa mini asiri yake so ya yi. Ni kuwa da na ga idanu a kaina sai na ce ba ni da abin ɓoyo, ya faɗa a nan. Ya dube ni, ya dubi ƙasa, sannan ya ce kamfani ya gama da ni daga yau, an ba wani Alhajin Maradi mai motoci yankin gaba ɗaya, wannan baƙon wakilinsa ne, kuma fatun da ke zaure ba za a ɗauka ba.

Da na yi shiru a nan, da ƙila na tsira da ɗan mutunci. Ina! Na ɗaga murya na ce zamanin da ake taka baƙin mutum ya wuce, yanzu ƙasa tamu ce, kuma akwai takarda. Na fisge layar daga wuya na ɗaga sama. Na aika a kira Tanko da wuƙarsa. Kafin ya iso, masu hatsi sun bar awo, masu dabbobi sun bar ciniki, mahauta sun fito hannu duk jini. Tanko ya tsuguna yana farke ɗinkinsa ɗaya bayan ɗaya, yana mita an ɓata masa aiki. Takarda ta fito ta sha gumi ta yi rawaya. Na miƙa wa Malam Isufu, sai Kawu ya riƙe hannuna.

"A'a," ya ce. "Kai za ka karanta muna. Kai ne namu."

Haka na tsaya a gaban Dakoro kaf, yatsa a kan layi, leɓe yana motsi, ina karantawa ina mayarwa da Hausa. Kamfani ba zai biya ba sai kaya sun isa Maradi kuma mai tantancewarsa ya duba, kuma hukuncinsa ba a ɗaukaka shi. Fatar da aka ƙi ta zama ta kamfani, ladan ajiya. Kawu ya ce in ci gaba. Kamfani na iya sallamar wakili ranar da ya ga dama, ba sanarwa, ba dalili. Wakili kuwa in shi zai bari, sai ya ba da wata uku. Kayan da ke hannun wakili ranar sallama nauyinsu yana kansa. Kawu ya sake cewa in ci gaba. Wakilin da aka sallama ba zai sayar wa wani kamfani fata ba har shekara ta zagayo.

Wani tsohon mahauci ya tambaya, to su kamfanin mi aka ɗora musu? Na koma shafi na ɗaya, na bi har na uku, na sake bi. Na ce ban gani ba tukuna. Wata mai fura ce ta fara dariya, ta yi ƙoƙarin toshe baki da mayafi ta kasa, daga nan abin ya bazu har wajen masu raƙuma.

Kawu bai yi dariya ba. Ya tambaye ni ko na karanta kafin in sa hannu. Na so in ce Nasara ya matsa mini, na so in ce rubutun ƙanana ne, amma Malam Isufu yana tsaye a gefena. Na ce ban karanta ba.

"Shekara shida lakwal ta ɗauke muna kai," in ji shi, a hankali, kamar da ni kaɗai yake. "Muka haƙura, muka ce ko ba komi mun sami mai gane muna abin da suke rubutawa a kanmu."

Dariyar kasuwa duka ba ta yi mini ciwon wannan ba.

Ya ce in maimaita masa magana ta ƙarshe. Na maimaita. Ya ce sunansa yana ciki? Na duba, na ce sunana ne kaɗai. Ya gyaɗa kai ya koma rumfarsa. Mutumin da bai san baƙi ko ɗaya na boko ba, ji ɗaya ya yi ya ga ƙofar da ni ban gani ba. Bayan kwana uku ya ɗora fatun a raƙuma da sunansa, ya sayar wa fataken da ke gangarawa Katsina. Sun san a matse muke, suka saya da arha. Abin da ya rage na haƙƙin mahauta, sai da Kawu ya sayar da shanunsa biyu na noma ya cike. Ni na ja su zuwa kasuwa da hannuna. Daminar waccan shekara da fartanya muka yi noma, ni da shi, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa tayar mini da maganar ba, wanda ni da ya zage ni sau ɗaya da ya fi mini sauƙi.

Abin mamaki, daga baya mutane suka riƙa kawo mini takardunsu, na haraji, na asibiti, na kamfanoni. Suka ce wannan ya ƙone, shi ba ya tsallake layi. Na yi shekaru ina karanta wa Dakoro abin da ake rubutawa a kanta, kuma na ga irin kwantarar nan ta dawo sau da yawa da sabon suna a sama, har da waɗanda 'yan ƙasa suka rubuta.

Kwanaki wani yaron banki mai fara'a ya miƙo mini takarda ta taga, layi na bayana har waje. Ya ce, "Baba, sa hannu kawai a nan, ba komi a ciki." Na ce masa to madalla, a taimaka mini da kujera.