Yadda Za Ki Yanka Rigar Sa'ar Maigida da Wutar Leza, Aure Bai Mutu Ba

'Yar'uwa, matso kusa. In mijinki na da rigar ƙungiyar hoki, wato ƙwallon sanda na kan ƙanƙara, da ya hana a wanke don kada sa'a ta bi ruwa, yau kakarki ta yanke saƙa. Wannan dabara ba ta taɓa ba da kunya ba. Maƙwabciyata Lorna Pawluk ta gwada ta a nan birnin Winnipeg, ga ta nan daram a ɗakinta.

1. Ki raɗa wa laifinki suna mai daraja

Kada ki ce yarwa za ki yi. Ki ce duniya kike ceta daga bola, tsumma zai koma kaya. Rigar Murray, mijin Lorna, rabonta da sabulu tun yana da gashi a ka. Karen gidan ma da baya yake fita in ya shinshine ta. Lorna ta cusa ta a buhun gwanjo tsakanin tsofaffin wandunan jins, ta nufi ɗakin ƙere-ƙere na unguwa, inda ake da injin leza mai yanka yadi.

"Me kuma za a ƙera yau?" in ji Murray.

"Kai dai ci abincinka."

2. Ki yi kamar kin san injin

Ki zana jaka a kwamfuta, ki shimfiɗa rigar a injin, ki rufe, ki riƙa gyaɗa kai kamar ke kika ƙera shi. Wutar leza ce mai yankan, ke hannunki fes. Masu hikima sun ce wanda bai riƙe almakashi ba bai yi ɓarna ba. Ni ce masu hikimar.

3. Ki shirya wa wari

Ba wanda ya gaya wa Lorna cewa wuta na tada tsohon gumi daga barci. Injin na somawa, sai ga Desmond mai kula da wurin a guje da tukunyar kashe gobara.

"Baiwar Allah, mushe kika saka min a inji?"

"Kayan tarihi ne."

"To, tarihin ya ruɓe! Jama'a, a buɗe taga!"

Aka buɗe, sanyi ya shigo da ƙarfinsa, maɗinka suka ƙarasa aiki da safar hannu. Amma fa jaka ta fito! Lambar rigar a gaba, maratayi na jins, ga fure da injin surfani ya zuba a gefe. Lorna ta koma gida tana taka rawa a kan ƙanƙara, daɗi kamar ya kashe ta.

4. Kada ki tambayi ranar wasa

Tambaya tana rage ƙarfin hali. Lorna ba ta tambaya ba, ashe ranar ce in aka ci ƙungiyarsu ta fita daga gasa. Ta tarar Murray ya birkice gidan kaf. Abokansa suna ɗakin ƙarƙashin ƙasa gaban talabijin, kowa a kujerarsa ta sa'a, kowa da gemun da ya rantse ba zai aske ba sai an ɗau kofi. Kuma ana cin ƙungiyar tasu.

"Lorna, ina rigata?"

Tana bisa matakala, ta cire takalmi ɗaya ke nan. Ta ga auren na lilo a idonta. Ta ɗaga jakar a hankali.

"Yanka ta kika yi?" in ji Murray.

"Wallahi ba ni ba ce, inji ne."

Kafin ya buɗe baki, ɗakin ya kaure da ihu. An rama!

5. Kada ki motsa

"Tsaya nan!" in ji Murray. "Kada ki sauke hannun nan!"

"Murray, ƙafata ɗaya ba takalmi."

"Haka sa'ar ta same ki, haka za ta bar ki!"

Aka ƙara zura wata, aka tashi da nasara. Ƙarti masu gemu suka rungume juna suna kuka. Murray ya sumbaci jakar, daga baya ya tuna ya sumbaci matarsa.

6. Ki karɓi ladanki

Aure ya tsira, har ya ƙara danƙo. Abin da ya rage kaɗan ne: duk ranar wasa Lorna na kan matakala, takalmi ɗaya, jaka a sama. Wanki kuwa an haramta shi har abada. Rigar da a da take rataye can ƙuryar ɗakin ƙasa, yanzu daidai hancin Lorna take kwana biyu a mako.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ruwanta da ciwon kafaɗa, toshewar hanci, ko fushin Desmond. In ƙungiyar mijinki ta sha kashi, ba ki san ni ba, ban san ki ba. Mai ƙorafi kuma kada ta neme ni ranar wasa. Lokacin da aka rama ƙwallon nan ina bakin ƙofar Lorna da kwanon miya na zo mayar mata, kuma Murray ya gan ni. Can za ki same ni, a waje, cikin ƙanƙara, riƙe da kwano.