Injin Markaɗen Kaka

"Lafiya lau, sai dai gajiya," in ji bakaniken, yana ajiye jakar sifanu a bakin rumfa.

Tun safe yake kwance ƙarƙashin wata tsohuwar mota a gareji, bayansa kamar an daka. Yana shirin tafiya gida aka aiko cewa injin markaɗen kakarsa ya ƙi tashi tun jiya. Ga ta nan kan kujera 'yar tsugunno, ta miƙe ƙafafu, robobin tumatur na maƙwabta jere a gabanta har sun fara kumfa.

"Gajiyar me?" in ji Kaka. "Mijin da ba cefane, ba sutura, sai baƙin mai har cikin kunne? Ni da na yini jan igiya har kafaɗata ta sage, ka ji na yi kuka?"

"Ai ke da injin nan sa'annin juna ne. Ku biyun da tari kuke tashi."

"Tarin gado ne, yana nan yana jiranka. Duba min shi, malalaci."

Ya tsuguna ya ja igiya. Inji ya yi tari biyu ya mutu. Ya rufe mai, ya zare tiyo, ya kwance kafireta ya juye a faranti. Sai ga jan laka da wasu zaruruwa.

"Kaka, saƙa kika koma yi a cikin tanki?"

"Murfin ne ya ɓata, na toshe da tsumma."

"Wane tsumma?"

"Tsohuwar rigarka. Ka ga ko rigar taka ba ta iya aiki ba."

Ya so ya yi dariya, gajiya ta hana. Ya juya kafiretar, ya ga kan sukurun daidaita mai duk ya kwarzane.

"Wa ya taɓa nan?"

"Aljanu."

"Aljanu masu wuƙar yanka albasa?"

"To, mai yake sha kamar kai da shayi. Na ɗan matse masa wuya."

"Ba matsewa kika yi ba, shaƙe shi kika yi. A gaban alƙali wannan kisan kai ne."

Da ya ɗaga kai sai ya ga tana murza gwiwa, idonta kan injin.

"Kawunka ya ce in ya sake lalacewa a sayar, in koma gidansa," ta faɗa a hankali. "In zauna a ɗaki ina kallon bango. Ni kuwa ƙarar nan ce ke kawo min mutane."

Ya wanke kafiretar da fetur, ya zura siririyar waya cikin ɗan ramin da mai ke bi, ya hura da baki har ɗaci ya kai masa maƙoshi. Ya ɗauraye tankin, ya tace mai, ya mayar da komai. Ja ɗaya inji ya kama. Ya kasa kunne yana murza sukurun kaɗan-kaɗan, har ƙarar ta daina rawa ta zauna daidai.

"Kawu ba zai ji daga bakina ba," ya ce da ƙarfi don ta ji. "Gobe zan kawo murfi. Amma kika sake kai wuƙa nan, saki uku!"

"Kai ka sake ni? Wa zai kwashe ka da wannan warin fetur?"

"Layi suke a gareji."

"Layin masu faci!"

"Shi ke nan, bari in mayar da zaren rigata inda na same shi."

Ya kai hannu kan tanki. Kaka ta fashe da dariya har da hawaye, ta riƙe masa hannu.

"Tsaya, ja'iri! Ka ci. Yau kam kai ne maigida."

Ta jawo wani kwano da ta rufe ta ɓoye a bayan buhu tun rana, ta tura masa. Sannan ta dafa gwiwa ta miƙe da ƙyar, ta ɗauki robar farko.

"Zauna a kujerata ka ci. Amma wanke hannun nan tukuna, kada a ce na kashe miji da baƙin mai."